Noman hops: zai karɓi ƙasar Filato, kuma yaya aikin gonarsa yake a tsawon shekara?

Manomin Tudu ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa manoma. Ina noman dankalin Turawa da kabeji a yankin Bokkos, a jihar Filato, kuma na daɗe ina lura da cewa a jikin kwalaben lemon malt, wanda ba ya sa maye, ana rubuta hops a cikin kayan haɗi. Da na bincika sai aka ce mini furen wani tsiro ne mai yaɗo, wanda yake ba abin shan ɗan ɗacinsa da ƙamshinsa, kuma daga ƙasashen waje kamfanoninmu suke shigo da shi. Tun da sanyin tudunmu ya karɓi dankali da tuffa, sai na ga kamar shi ma zai karɓe shi. Ina roƙon wanda ya taɓa ganin gonarsa da idonsa ya bayyana mini yadda ake kula da ita daga shuka zuwa girbi, kafin in zuba kuɗina a abin da ban sani ba.

Baƙon Bavariya ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Na yi aiki shekara uku a gonar wani iyali a Halatau, wato Hallertau, yankin da yake tsakanin biranen Munik da Ingolstadt da Regensburg a jihar Bavariya, a kudancin Jamus, inda babu wani wuri a duniya da gonakin hops suka haɗu wuri guda da yawa kamar nan. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne ba shukar shekara ɗaya ba ce. Saiwarsa tana zama a ƙasa shekara 15 zuwa 20, ko fiye, yaɗon ne kawai yake mutuwa duk hunturu, ya sake tohowa da bazara. Ba iri ake shukawa ba, yankin saiwa ake dasawa, kusan kamar yadda muke dasa rogo da rake, kuma macen kaɗai ake so. Namijin abokin gaba ne a can, domin idan ya barbari mace furen yakan yi ƙwaya, darajarsa ta faɗi, shi ya sa doka ta wajabta a tumɓuke na daji a yankunan da ake nomansa.

Kafin ka dasa ko ɗaya sai ka kafa rumfa: dirkoki masu tsawon kamar mita 7, da igiyoyin ƙarfe masu kauri a shimfiɗe a samansu. Wannan rumfar ce take cinye mafi yawan jari, kuma a shekarar farko amfanin da za ka samu kaɗan ne ƙwarai.

Aikin shekara yana farawa wajen watan Maris, lokacin da ake buɗe kunya a datse kan saiwar, a cire tsohon itacen bara tare da cutar da ta kwana a jikinsa. Bayan haka ake rataya siraran wayoyi daga saman rumfa, biyu ga kowane gindi, a soka ƙarshensu cikin ƙasa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Mayu ake yin aikin da har yau na'ura ba ta iya karɓarsa daga hannun mutum ba, wato naɗi. Gindi ɗaya yakan fitar da toho masu yawa, sai ka durƙusa ka zaɓi biyu ko uku masu matsakaicin ƙarfi ga kowace waya, ka naɗe su, ka tsinke sauran. Dole naɗin ya bi yadda hannun agogo yake zagayawa. A makona na farko na naɗe layi guda a baibai, washegari muka tarar duk sun warware sun kwanta a ƙasa, sai da na sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Hekta ɗaya tana ɗauke da gindi kusan 2,000, saboda haka mutum yakan wuni a tsugune, kuma jikin yaɗon yana da ƙananan ƙayoyi masu kama da ƙugiya, waɗanda suke zana wa hannu jajayen layuka masu ƙaiƙayi idan ba ka sa riga mai dogon hannu ba. Yawancin abokan aikina a wannan lokaci 'yan ci-rani ne daga Foland da Romaniya.

Da zarar ya kama waya, saurin girmansa yana da ban mamaki, domin a rana mai ɗumi yakan ƙara har santimita 30. Ana yi masa huɗa, a ba shi taki, a zage ganyen ƙasa domin iska ta ratsa. Manomi yana so yaɗon ya kai saman rumfa a ƙarshen Yuni, ya fitar da rassa a gefe, sannan ya yi fure a Yuli. A wannan tsakanin ba a barin gonar ko kwana ɗaya ba a zagaya ta ba. Mai gonarmu yakan maimaita karin maganarsu cewa hops yana son ganin ubangidansa kullum. Yana ɗaga ganye ya duba bayansa saboda darɓa da jan gizo-gizo ƙanana, yana neman alamar fumfuna iri biyu, mai zuwa da laima da mai kama da farin gari. Akwai kuma wata cutar ƙasa mai sa yaɗo ya yanƙwane, wadda feshi ba ya maganinta, sai dai a tone gindin a fitar. Ruwan ƙanƙara na minti goma yana iya karya kawunan yaɗon gona sukutum.

Girbi yana kamawa daga ƙarshen Agusta zuwa cikin Satumba. Tarakta tana yanke yaɗon daga ƙasa, ta fizgo shi daga sama, a kai shi gida wurin wata babbar na'ura mai raba fure da ganye. Idan ka tsaga furen da ya nuna za ka ga wani gari rawaya mai danƙo a gindin ɓawonsa, wanda yake manne wa yatsa, kuma shi ne dukiyar gaba ɗaya. Ɗanyen furen kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, kuma idan aka bar shi a tare na 'yan sa'o'i sai ya ɗau zafi ya lalace, don haka nan take ake zuba shi a ɗakin busarwa, a hura masa iska mai zafin digiri 60 zuwa 65 har ruwan ya sauko zuwa kamar kashi 10. Daga nan a matse shi a dila. Makonnin nan barci kaɗan ake yi. Da kaka ta wuce sai gyaran rumfa da mayar da dakakken yaɗo gona a matsayin taki.

Malamar Gona ta amsa:

Ɗan'uwa Manomin Tudu, bayanin da aka yi maka a sama daidai ne, amma ina so ka sake duba watannin da aka ambata, domin a cikinsu amsar tambayarka ta farko take. Ba sanyi ne babban abin da hops yake nema ba, tsawon yini ne. Ka san halin dawarmu ta gargajiya, irin su farafara: ko ka shuka ta da ruwan fari ko ka makara, ba ta fitar da kai sai yini ya fara gajarta a ƙarshen damina. Hops ma haka yake, sai dai ma'auninsa ya yi nesa da namu. Yana ci gaba da hawa muddin hasken yini ya kai kamar sa'a 15 zuwa 16, kuma sai hasken ya fara raguwa yake juyawa ga fure. A Halatau yinin watan Yuni yana kai wa sa'a 16. A Jos kuwa, yini mafi tsawo a shekara bai kai sa'a 13 ba. Ma'ana tun ranar da ya toho a gonarka zai ɗauka lokacin fure ya yi, ya tsaya yana gajere, ba tare da rassan gefen da suke ɗaukar amfani ba.

Wannan ne ya sa manyan wuraren nomansa suke tsakanin digiri 35 da 55 daga tsakiyar duniya: Jamus, da Zatec a ƙasar Cek, da Kent a Ingila, da kwarin Yakima a jihar Washinton ta Amurka, inda ruwan sama ya yi ƙaranci har da ban ruwa ake nomansa. Filato tana wajen digiri 9 ne. Ga kuma matsala ta biyu, wato saiwar tana bukatar makonni na sanyi mai tsanani domin ta yi barci ta farfaɗo da ƙarfi, kuma hunturunmu, duk da jaurarsa, bai kai nan ba.

A nahiyarmu wurin da ya yi suna da shi shi ne kewayen garin George a Afirka ta Kudu, wajen digiri 34, kuma su ma sai da suka yi amfani da fitilu a gona suna ƙara tsawon yini, kafin su samar da nasu irin da ya dace da gajeren yini, kamar Southern Star. Masu bincike a Jami'ar Florida ta Amurka ma da fitilun lantarki suke yi, har suna girbi sau biyu a shekara. Abin yana yiwuwa ke nan, amma sai ka lissafa kuɗin wuta ta kowane dare a kan kuɗin rumfa.

Alhaji Mai Hatsi ya amsa:

Ni ta fuskar kasuwa zan yi magana. Kamfanoni ba sa sayen fure a buhu kamar zoɓo. Sarrafaffe suke shigowa da shi, ko dunƙulallen gari ko tataccen ruwansa, mai ɗaci a bisa ma'auni sananne, kuma ɗan kaɗan yake isar tukunya babba. Sannan gaskiya ɗaya ce, mafi yawan hops na duniya giya ake yi da shi, lemon malt da shayin ganye kaso ne ƙarami. Wanda wannan zai dame shi a addininsa ya kamata ya san haka tun kafin ya kafa dirka ta farko. Lokacin da aka hana shigo da tsiron sha'ir, wanda ake yin malt da shi, a 1988, kamfanonin sun koma ga dawa, kuma a nan ne manominmu ya samu shiga.

Manomin Tudu ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Maganar hekta na ajiye ta. Amma Malama, idan na samu saiwa huɗu ko biyar na gwada a bayan gida, da fitilar sola, me za ki ce in kiyaye?

Malamar Gona ta amsa:

Ka fara da neman izinin hukumar killace tsirrai kafin a shigo maka da saiwa, domin cututtukan da aka ambata a jikinta suke tafiya. Ka dasa a kunya mai tsayi inda ruwa ba ya kwanciya, ganin yawan ruwan Yuli da Agusta a wajenku da fumfunar da yake jawowa. Ka kunna fitilar daga magariba na tsawon sa'a huɗu, har sai yaɗon ya kai ƙarshen igiyarsa, sannan ka daina kunnawa gaba ɗaya, ka rubuta ranar, ka kuma rubuta ranar da ka ga furen farko. Idan ka kawo mana waɗannan ranaku biyu da tsawon yaɗon, za mu iya lissafa lokacin da ya dace ka datse shi domin zagaye na biyu.