Kolesterol 6.1 a takardar gwaji: a fara magani ko a dakata?

Jami'in lafiya, karkarar Gumel:
Assalamu alaikum. Magidanci ne ɗan shekara 58, mashayin taba, awon jininsa 150/95, ba shi da ciwon suga. Takardar gwajinsa ta nuna jimillar kolesterol (wani nau'in kitse da ke cikin jini) 6.1, HDL (kolesterol mai amfani) 0.9, tiragilisarayid (wani kitsen jinin daban) 2.2, duk a ma'aunin mmol/L. Ba a rubuta LDL, wato kolesterol mai cutarwa, ba. Wannan 6.1 ɗin kaɗai ya isa a ɗora shi kan magani?

Likita, Dutse:
Wa alaikumus salam, Malam. Bai isa ba. Ya wuce 5.2 da ake so, gaskiya ne, amma haɗarin mutumin gaba ɗaya ake aunawa. Ɗauko jadawalin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019, shafin Afirka ta Yamma, na 'yan shekara 40 zuwa 74. Ka bi jinsi, shekaru, taba, ciwon suga, lambar sama ta awon jini, sannan kolesterol. Akwatin da ka sauka shi ne yiwuwar bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki cikin shekara goma. In launin akwatin ya kai ja, wato kashi 20 cikin ɗari, a ba da statin, maganin rage kolesterol. Wanda kolesterol ɗinsa ya haura 8, ko ya taɓa shanyewa, ba a jiran jadawali. A wannan dattijon dai, taba da hawan jinin sun fi 6.1 ɗin tayar mini da hankali.

Ma'aikaciyar ɗakin gwaji, Haɗeja:
LDL kuwa lissafi ne, Malam. Raba tiragilisarayid da 2.2, ka cire shi da HDL daga jimilla: 6.1 − 0.9 − 1.0 = 4.2. Ya yi yawa. Sai dai lissafin ba ya aiki in tiragilisarayid ya wuce 4.5, kuma furar da ya sha a hanya za ta iya ɗaga shi; a zo da safe bayan awa 9 zuwa 12 ba abinci, ruwa kawai. Duba ma'aunin ma, wasu da mg/dL suke rubutawa, sai ka raba lambobin kolesterol da 38.7, ta tiragilisarayid kuwa da 88.6. Kuma in zazzaɓin cizon sauro bai daɗe da sakinsa ba, kolesterol kan faɗi ƙasa, takarda ta yi kyau alhali ba haka ba ne. A bari ya murmure a sake.

Nas, Ringim:
A maimaita awon jinin wata rana kafin a shiga jadawali. A rage man shanu, manja da kitsen tsire, man gyaɗa ya fi. Kuma in mace ce mai ciki ko mai shayarwa, kada a ba ta statin.