Kafin a ɗora wa sensa laifi a babbar motar dizal

Da aka baje matsalar lambobin da kwamfutar gwajin mota ke nunawa a kan sensa (na'urar da ke auna yanayin inji, kamar zafi ko gudu) a gaban masu gyaran wayarin, bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: kwamfuta ta nuna sunan sensa ba ya nufin sensar ce ta mutu. Sau da yawa waya ce ta goge a jikin inji, ko soket ya sha ruwa ya yi kore.

A fara da batir. Mai volt 12 ya nuna kusan 12.6 in inji na kashe, wajen 14 in yana aiki. A motar volt 24, a ninka. Sai wayar at, wato mai haɗa batir da jikin mota da inji, wadda ake yawan mantawa da ita: in ta yi tsatsa ko ta saki, ƙwaƙwalwar inji, wato kwamfutar da ke sarrafa shi, sai ta riƙa ganin lissafin banza.

Inda aka fi daɗewa shi ne layin volt 5 da ƙwaƙwalwa ke ba sensoshi. Da yawa layi ɗaya suke sha, don haka guda ta yi shot sai ta ja sauran ƙasa, lambobin matsala su fito rututu. A buɗe makulli, a sa mitar auna wuta a layin, a riƙa zare soket ɗaya bayan ɗaya. Sensar da aka zare volt 5 ya dawo, ita ce ɓarauniyar. In matsalar mai zuwa da tafiya ce, a girgiza wayoyin ana kallon mita.

An kuma hana huda waya da allura, don ta nan ruwa ke shiga.