Tambaya: Shin Tiyanjin ya cancanci in kai mahaifina ziyarar kwana uku?

Ɗan kasuwa daga Jidda ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ni mazaunin Jidda ne, sana'ata kayan wutar lantarki, kuma shekara shida ke nan ina zuwa ƙasar Sin sarin kaya, sai dai ban taɓa wuce Gwanju da Yiwu ba. A watan Oktoba mai zuwa, idan Allah ya kai mu, wata harka za ta kai ni Beijin, kuma na ƙudurta tafiya da mahaifina, wanda ya haura shekara saba'in, ya kuma yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Jidda. Tun muna yara yake ba mu labarin jiragen dakon kaya da sunayen garuruwan da yake gani a takardunsu, kuma wanda ya fi zama masa a baki shi ne Xingang, da yake kira Shingan. Sai kwanan nan na gane cewa sunan tashar jiragen ruwa ta Tiyanjin ce. Da na gaya masa garin yana kusa da Beijin, sai ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce zai so ya ga inda jiragen nan suke tasowa kafin ƙafa ta gaza.

Ina neman shawarar waɗanda suka san garin. Shin zai ga teku da jiragen da yake marmarin gani? Yaya batun abincin halal da masallaci? Kuma tunda fasfon Najeriya yake riƙe da shi tare da iƙama, wato takardar izinin zama a Saudiyya, shin sauƙin biza da na ji an yi wa mutanen Saudiyya ya shafe shi? Allah ya saka da alheri.

Injiniya daga Yanbu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Allah ya yi maka albarka, ɗan'uwa, ya kuma ƙara wa Baba lafiya. Aiki ya zaunar da ni wata huɗu a can, domin akwai babbar masana'antar sinadaran man fetur ta haɗin gwiwa tsakanin kamfanin SABIC na Saudiyya da Sinopec na Sin a yankin. Abin da zan fara gaya maka, don kada Baba ya ji an yi masa alkawarin da ba a cika ba, shi ne tsakiyar Tiyanjin ba a bakin teku take ba. Mu da muka saba da Jidda, inda mutum zai fito daga tsohuwar unguwar Balad ya ji iskar Bahar Maliya a fuskarsa, muna ɗauka kowane birnin tashar jiragen ruwa haka yake. Shi wannan birnin kogi ne. Kogin Hai ya ratsa shi yana lanƙwasa, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya faɗa tekun Bohai, kuma daga tsakiyar gari zuwa yankin Binhai, inda tashar take, akwai kimanin kilomita 50. Ma'anar Xingang ma ita ce sabuwar tasha, saboda a da jirage kan hauro kogin har cikin gari, har girmansu ya fi ƙarfin ruwan.

Wuraren lodi da sauke kwantena ba a barin mai yawon buɗe ido ya shiga, kamar yadda Baba ya fi kowa sani daga aikinsa. Amma ka ware masa yini guda cur a Binhai. Layin dogo na cikin gari mai lamba 9 yana zuwa can cikin kusan awa ɗaya, ko da yake don dattijo na fi son ku ɗauki mota ta wuni da ku. Ku fara da gidan tarihin harkokin teku na ƙasa, wanda aka buɗe a 2019, inda zai ga samfuran jiragen ruwa na dā da taswirorin hanyoyin fatauci. Daga nan ku gangara bakin kogi wajen tsohuwar ganuwar Dagu, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai a duk zamana.

Abin da ya rage a Dagu tudun ƙasa ne da tsofaffin igwa da suka yi tsatsa, bakunansu na kallon mashigar ruwa, amma wanda ya san abin da ya faru a wurin ba zai iya wucewa da sauri ba. Ita ce ƙofar Beijin ta teku, shi ya sa aka gwabza a kanta a 1858 da 1859 da 1860, lokacin da Ingila da Faransa suka kawo yaƙi, sannan aka sake a 1900 sa'ad da rundunar ƙasashe takwas ta sauka. Yarjejeniyar da aka tilasta wa daular Cin mai mulkin Sin a 1860 ita ta buɗe Tiyanjin ga baƙi, kuma sannu a hankali ƙasashe tara suka yanki unguwanni a cikinsa, kowacce da dokarta: Ingila, Faransa, Amurka, Jamus, Japan, Rasha, Italiya, Beljiyam da daular Ostiriya da Hangari. Na tsaya a kan tudun nan wata la'asar, iska mai sanyi tana kaɗawa, ina hango manyan ƙugiyoyin ɗaga kaya a nesa, sai na tuna da ganuwar Kano da abin da igwa ta yi mata a 1903. Mu ba baƙin wannan labari ba ne, kuma ina jin Baba zai fahimci wurin ba tare da tafinta ba.

Garin kuwa ya girmi zuwan Turawa nesa ba kusa ba. An kafa shi a matsayin sansanin soja a 1404, a zamanin sarki Yongle, kuma sunan Tiyanjin yana nufin mashigin sarki, domin ta nan ya haye kogi a hanyarsa ta zuwa karɓar sarauta. Shi ne kuma sarkin da ya tura babban jagoran jiragen ruwa Musulmi, Zheng He, tafiyarsa ta farko a 1405. Babban magudanin ruwa da aka haƙa da hannu, wanda ake dakon hatsi ta cikinsa daga kudu zuwa fadar sarki, ta nan ya bi, kuma wannan dakon ne asalin arzikin garin.

Hajiya daga Makka ta amsa:

Ɗana, Allah ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka irin wannan. Ni zan tsaya a kan ci da salla, domin su ne suka fi damuna sa'ad da na raka maigidana bara. Ka nemi masauki kusa da unguwar da suke kira Xibeijiao, wato kusurwar arewa maso yamma ta tsohon gari, a gundumar Hongqiao. Unguwar Musulmi ce 'yan ƙabilar Hui, kuma a nan babban masallacin garin yake, wanda ya haura shekara 300. Ranar da muka fara zuwa mun wuce ƙofarsa ba mu sani ba, muna neman hasumiya da ƙubba irin namu, alhali ginin irin na fadojin Sinawa ne, da rufi mai lanƙwasassun kusurwoyi da zanen furanni da aka sassaƙa a jikin bulo. Sai da na ɗaga kai na ga rubutun Larabci a saman ƙofa, an ja haruffan da kauri kamar da burushi, sannan hankalina ya kwanta. Wani tsoho mai farar hula ya yi mana sallama da lafazin da ya bambanta da namu, ya riƙe hannun Alhaji da hannu biyu da ya ji daga Makka muke, ya daɗe bai saki ba.

Ka sanar da Baba tun daga gida cewa alƙibla a can yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa. Mutumin da ya yi rayuwarsa a ƙasar Hausa da Jidda yana fuskantar gabas zai ji baƙon abu a sallar farko, kuma ba kowane masauki ne ke da alamar alƙibla a ɗaki ba.

Game da abinci, ka sa hoton haruffa biyu na kalmar qingzhen a wayarka, wadda ita ce halal a harshensu, yawanci a kan koren allo ake rubuta ta. Inda ba ka gan ta ba, kada ka ci ko da ganye ne, saboda kitsen alade da giyar girki suna shiga miyarsu ba tare da an faɗa ba. Akwai wani dafaffen burodi mai nama a ciki da ake kira Goubuli, wanda garin ya yi suna da shi, kuma kowa zai ce ku ɗanɗana, to ka sani asalinsa da naman alade ake yi. A unguwar Musulmi kuwa ku fita da sassafe bayan asuba, ku bi layi. Za ka ga ana zuba ƙullun koren wake a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi, a baza shi siriri kamar sinasir, a fasa ƙwai a kai, a barbaɗa albasa, a naɗe soyayyen fulawa mai ƙaras-ƙaras a ciki, a miƙo maka yana tururi. Akwai kuma soyayyen ƙullun shinkafa mai danƙo da zaƙin jan wake a ciki, wanda asalinsa ma na Musulmin garin ne, da wani murɗaɗɗen abin maƙulashe mai kama da dubulan da ake tsaraba da shi. Idan cikin Baba bai karɓi baƙon abinci ba, shagunan taliyar Lanju da naman sa suna ko'ina, galibinsu na Musulmi ne, kuma romonsu yana da sauƙi ga dattijo.

Ɗalibi ɗan Sudan mazaunin Riyad ya amsa:

Gaisuwa ga Hajiya da Injiniya. Yaya, na yi karatu a Beijin, kuma na sha zuwa Tiyanjin a ƙarshen mako. Amsar tambayarka ta biza ita ce a'a. Ɗage bizar da Sin ta fara a watan Yunin 2025, na ziyarar da ba ta wuce kwana 30 ba, ya shafi masu fasfon Saudiyya ne, iƙama ba ta shiga ciki, don haka ka fara nema wa Baba biza da wuri. Sannan ka guji makon farko na Oktoba, domin daga ranar 1 zuwa 7 hutun ƙasa ne, kuma cunkoson da ake yi a tashoshin jirgi ba na dattijo ba ne. Tsakiyar watan ya fi, sararin sama garau, sai dai da dare akwai sanyin da mutumin Jidda zai buƙaci rigar sanyi mai kauri.

Daga tashar kudu ta Beijin jirgin ƙasa mai gudun gaske, wanda ya fara aiki a 2008, yana cinye kimanin kilomita 120 cikin kusan rabin awa, kuma fasfo shi ne tikitinku, don haka kada ya bar aljihu. Manhajojin biyan kuɗi na Alipay da WeChat ka riga ka san su daga Gwanju. Ka tabbatar tun kafin ka biya cewa masaukin yana karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, domin ni an taɓa mayar da ni daga wani ƙaramin masauki da tsakar dare bayan na biya ta intanet, kuma ba na fatan haka ta faru kana tare da mahaifi. Gidajen tarihi da yawa suna rufewa ranar Litinin.

Inda zan ɗan saɓa wa Injiniya, cikin girmamawa, shi ne bai ba ku shawarar shiga unguwannin Turawan nan ba, alhali a ganina wanda ya ga Dagu bai gan su ba ya ji rabin labari. A unguwar manyan tituna biyar, wadda a da ta Ingila ce, akwai gidaje kusan 2,000 na salon Turai, kuma ana zagaya ta a keken doki, don haka Baba ba zai wahala ba. A tsohuwar unguwar Japan akwai gidan da Puyi, sarkin ƙarshe na Sin, ya zauna a ƙarshen zamansa a garin, wanda ya kama daga 1925 zuwa 1931, bayan an fitar da shi daga fada. Ni da na ga yadda gine-ginen Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa, suka zube a ƙasarmu, nakan ji wani abu idan na ga yadda suka adana ko da gidajen waɗanda suka ci su da yaƙi. Da dare ku hau jirgin yawo a kogi, ku bi ta ƙarƙashin gadoji har ku hango ƙaton lilon nan mai tsayin mita 120 da aka kafa a kan gadar Yongle.

Ɗan kasuwa daga Jidda ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Baba amsoshinku bayan isha'i, kuma da na zo kan ma'anar Xingang sai ya sa na maimaita masa sau biyu. Na mayar da tafiyar tsakiyar Oktoba, za mu kwana uku kusa da masallacin da Hajiya ta faɗa, in ba Binhai yini guda. Saura abu ɗaya, Injiniya: shin tudun Dagu zai hawu ga mai ciwon gwiwa?

Injiniya daga Yanbu ya amsa:

Akwai matakala, amma ba masu yawa ba ne, kuma idan ya huta a tsakani zai kai sama da yardar Allah. Gidan tarihin da ke gindin tudun a shimfiɗe yake, ko a nan ya tsaya zai ga igwa da sauran kayan yaƙin. Ku je da hantsi kafin iskar teku ta tashi, ka riƙe masa hula mai rufe kunne, kuma ku tafi da guzurinku daga unguwar Musulmi, domin ban ga gidan abincin halal a kusa da wurin ba. Ƙanena ɗalibi ya yi gaskiya game da keken doki, ku sa shi a rana ta biyu. Ka gaishe mini da Baba da kyau.