Canza kamshaf don ƙarin ƙarfin ja a babban babur: wa ya taɓa yi a cikinmu?

Baban Walida, Malali

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da babur Harley-Davidson Electra Glide ƙirar 2009, injin Twin Cam 96 mai cc 1,584, giya shida. Shekara uku ke nan yana hannuna, lafiyarsa ƙalau, na kuma riga na canza masa salansa da matatar iska. Damuwata ɗaya ce. Tsakanin Mararrabar Jos da Jaji a hanyar Kaduna zuwa Zariya, inda tireloli ke jeruwa, in ina giya ta shida a gudu 100, allurar juyin inji tana wajen 2,300, ga ƙanena a goye, ga akwatuna cike da kaya, sai in murɗa totur in ji babur yana jan ƙafa. Dole sai na sauko giya ɗaya, wani lokacin biyu, kafin in wuce tirela. Babur ɗin shi kaɗai ya kusa kilo 400. Ni ba gudu nake nema ba, na wuce shekarun wannan. So nake da na taɓa totur ya amsa nan take. An ce min canza kamshaf ne maganin, wato kam, sandar da ke buɗe bawul-bawul na inji tana rufe su. Don Allah wanda ya taɓa canzawa da kuɗinsa, ya hau hanyoyinmu na nan da shi, ya faɗa min abin da ya gani.

Ɗan Barnawa

Wa'alaikumus salam Alhaji. Bari in fara da kuskurena don kada ka maimaita. Nawa injin Twin Cam 103 ne, ya ɗan fi naka girma. Na duba jadawalin masu sayarwa a intanet, na zaɓi kam ɗin da lambar ƙarfin dokinsa ta fi kowacce girma. Aka ɗaura. Ƙarar injin a tsaye ta yi daɗi ƙwarai, kowa a majalisa sai ya juyo. Amma ranar farko da na shiga cunkoson Ahmadu Bello Way wajen kasuwa na gane na yi ɓarna. A ƙasa da juyi 3,000 babur ya zama rago, sai ina ta wasa da kulochi don kada ya mutu, zafin inji yana gasa min cinya. Daga 3,800 zuwa sama kam yana tashi kamar an harba shi, to amma sau nawa mutum yake kai wa can a hanyar Abuja da ramukanta? Wata takwas na daure, na cire. Kam ɗin ba shi da laifi, an yi shi ne don injin da aka ƙara wa matsi aka gyara masa kai. Ni ne na sa shi inda ba wurinsa ba.

Bakanike, Tudun Wada

Alhaji Baban Walida, ranka ya daɗe. Abin da ya sami ɗan'uwanmu na Barnawa na gan shi ya fi a ƙirga, har a motoci. In ka ɗauki takardar da ke zuwa da kam, lambobi ne birjik, amma guda ɗaya nake fara dubawa: lokacin da bawul ɗin shigar iska yake rufewa. Fistan yana sauka ya zuƙo iska da mai, ya kai ƙasa, ya juyo sama. Bawul ɗin ba ya rufewa daidai lokacin da fistan ya kai ƙasa, sai ya ɗan jinkirta, ana auna jinkirin da digirin juyawar karanshaf. In injin yana gudu sosai, iskar tana shigowa da ƙarfinta, don haka jinkirin yana ba ta damar ƙara cika silinda. In kuwa injin yana juyawa a hankali, fistan ɗin da ke hawowa sai ya tura wani ɓangare na abin da ya zuƙo ya koma ta inda ya fito. Abin da ya rage a ciki kaɗan ne, matsi ya ragu, bugun ya yi sanyi. Shi ne ragwancin da ya ji a kasuwa.

Kam mai ƙarfin ja yana rufe bawul da wuri, wajen digiri 25 zuwa 35 bayan fistan ya bar ƙasa. Masu neman gudu suna kai 45, 50, har sama. Misali kam ɗin kamfanin Andrews mai lamba 21 yana rufewa a 30, Andrews 26 a 35. Kai da kake rayuwa tsakanin juyi 2,000 da 3,500, kada ka kalli abin da ya wuce 35.

Na biyu shi ne tsayin ɗagawar bawul. Injin Twin Cam na 1999 zuwa 2004 sifirin bawul ɗinsa na asali iyakarsa wajen inci 0.510, in ka wuce haka sai an buɗe kai an canza sifirin. Daga 2005 sun fi ɗaukar ɗagawa, naka yana cikinsu. Ka nemi wanda aka rubuta cewa yana shiga ba tare da an taɓa kan inji ba. Duk aikin da zai sa a sauke kai a garin nan, da ƙurarmu, ina guje masa in ba dole ba.

Alhaji mai Road King, Unguwar Rimi

Ni Andrews 26 ɗin da Malam ya ambata na sa a Road King ɗina na 2003, Twin Cam 88, mai kafireta. Yau shekara shida. Gwajina na farko hanyar Jos ce ta Pambeguwa da Saminaka, da ɗana babba a baya. Hawan da a da nake sauka zuwa giya ta huɗu, a ta biyar na haye shi, injin yana bugawa a natse kamar ba a ɗora masa komai ba. Wallahi na ji daɗin ranar, sai da na tsaya a gefen hanya na buga wa makanikena waya na yi masa godiya. Mai kuma bai ƙara sha ba yadda zan lura, domin na daina matse totur.

Abu biyu zan ƙara. Bayan an ɗaura sai da muka canza jet na kafireta, don injin ya fara shaƙar iska fiye da da. Sannan masu yawancin injinan 1999 zuwa 2006 su sani cewa abin da ke danne cen ɗin kam, wato sarƙar da ke juya shi, sifirin ne da takalmin roba, kuma robar tana cinyewa da tafiya. Tun da an riga an buɗe wurin, sai na sa aka canza su gaba ɗaya. Naka na 2009 matsin baƙin mai ne ke danne shi, ya fi daɗewa, amma duk da haka a duba.

Abu Sadiq, Kawo

Ina so in ja hankali kan ɗaya gefen, don kada a ɗauka duk wanda ya fi rufewa da wuri shi ya fi. Injina irin na Baban Walida ne sak, 96. Na sa kam mai rufewa a digiri 25, a watan Disamba, cikin sanyin hunturu. Babur ya zama wani abu daban. Daga juyi 2,000 yake fizga, tirela ba ta ƙara zama min matsala ba. Na yi ta yabonsa har watan Maris ya kama.

Ranar da na fara jin abin, ina dawowa daga Abuja da azahar, na wuce Tafa, na murɗa a giya ta shida sai na ji ƙas-ƙas-ƙas daga cikin inji, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Na saki totur ta ɗauke, na ƙara ta dawo. Gabana ya faɗi, don na san man ne yake fashewa kafin lokacinsa, kuma wannan ƙarar tana iya huda fistan. Matsi ya yi yawa, injin iska ce ke sanyaya shi, iskar kuma wuta ce, ga fetur ɗin da kowa ya san ba kowane gidan mai ne nasa ke da kyau ba. Waɗanda suke yabon kam ɗin a Amurka da mai mai ƙarfin okten, wanda ba ya saurin fashewa da matsi, suke hawa, a yanayin da ba namu ba. Abin da ya tabbatar min shi ne, mako biyu bayan haka na je Jos, da man gidan mai ɗaya da na wancan karon, ko sau ɗaya bai yi ƙarar ba. Jos tana sama da mita 1,200, iskarta ba ta da kauri, matsin ya sauka da kansa. Ina gangarowa ta dawo.

Haka kuma in injin ya yi zafi na kashe shi na sha mai, wajen tayarwa sai sitata ta yi nishi kafin ta juya shi. Na samu sauƙi ne bayan na sayi Power Vision, na'urar saita kwamfutar inji, aka ja lokacin tartsatsin filogi baya da digiri kaɗan a inda yake ƙarar, aka ƙara masa mai. Yanzu lafiya lau, kuma ina son kam ɗin. Amma da zan sake, da mai rufewa wajen 30 zan ɗauka.

Injiniya, Mando

Ku yi haƙuri, ni ban yarda a buɗe lafiyayyen inji ba. Giya an yi ta ne don a canza. Saukowa daga shida zuwa biyar kyauta ne. Ku lissafa kam, gaskit, boris, na'urar saiti, kuɗin jirgi da kwastan, duk da dala, a farashin canjin yau. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 ni lissafin tanki nake yi kafin kowace tafiya. Abokina ya buɗe nasa, wanda ya yi aikin bai saita alamar taimin daidai ba, babur ya yi wata biyu a gareji.

Alhaji mai Road King, Unguwar Rimi

Injiniya, maganarka ta kuɗi gaskiya ce, kuma ta makanike ta fi gaskiya. Amma in kana gefen tankar mai, ga wata mota ta ɓullo a gaba, daƙiƙa biyun da za ka ɓata wajen neman giya ba ƙaramin abu ba ne. Ni don wannan na biya.

Ɗan Rigasa

Nawa sabon inji ne, Milwaukee-Eight 107, wanda suka fara a 2017. Shi kam ɗaya gare shi ba biyu ba, bawul huɗu a kowace silinda, don haka lambobinku ba su shafe ni ba. Screamin' Eagle 447 na sa, wanda suke kira na ƙarfin ja. Kano nake zuwa kusan duk wata, kuma na gamsu.

Baban Walida, Malali

Allah Ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Labarin Abu Sadiq ya tsaya min a rai, don ni ma a kowane gidan mai nake sha in tafiya ta kama. Malam Bakanike, me zan haɗa a oda ɗaya don kada a buɗe inji a zauna jiran kaya? Kuma wani ya ce in sa giya mai haƙori ta riƙa juya kam a madadin cen.

Bakanike, Tudun Wada

Mai haƙori ka bar shi, Alhaji. Sai an auna karkacewar bakin karanshaf an ga bai wuce inci 0.003 ba, in ya wuce haƙoran za su yi ta kuka su ci juna. Cen ɗinka ya wadatar.

Kafin ka biya ko sisi, kawo shi mu gwada matsin silinda biyun da zafinsa. In ɗaya ta gaza ɗaya sosai, ringi ko bawul ne ke zuba, kuma kam ba ya maganin wannan. A odar ka haɗa boris ɗin ciki na kam irin na Torrington mai cikakkun allurai, da sababbin lifta huɗu, wato ƙarafan da ke bin bayan kam suna ɗaga sandunan bawul, kada a ɗora tsofaffi a kan sabon kam, da gaskit da zoben roba. In ka sayi sandunan tura bawul masu saiti, sai mu yanke tsofaffin mu zare, ba sai an sauke tanki an buɗe saman inji ba. Na'urar saitin kwamfuta kuwa ta zo tare da su. Injin ya fito daga kamfani da mai kaɗan saboda dokokin hayaƙi na can, in ka ƙara masa iska ba ka ƙara mai ba zafi zai ƙaru. Bayan an ɗaura ina son in ga matsin bai haura 190 zuwa 195 ba a ma'aunina. Wanda ya wuce 200, a watan Afrilu zai dawo min.

Baban Walida, Malali

Jiya na kai shi Tudun Wada, an gwada, silinda biyun sun zo kusan daidai, alhamdu lillahi. Mun tsaya a kan Andrews 48H, wanda aka yi don 96 da 103. Ɗan yayata zai taho da kayan ƙarshen wata in Allah Ya so. Abu Sadiq, in ba damuwa ina son ka zo ranar saitin, tunda ka san inda naka ya yi ƙarar. Mun shirya da Malam cewa gwajin farko da azahar za a yi shi, daga gadar Kawo zuwa Zariya, da ƙanena a baya da akwatunan a cike.