Malami ya zagaye min manazarta da jan biro, ina neman shawara

Ɗalibar aji huɗu: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min. Furojet ɗina a kan matan aure masu sayar da kaya ta WhatsApp ne. Tun farko ba shi na so ba, canja min take aka yi, ga sufabaiza ba ya zama ofis, ga rashin wuta, ga bikin yayata da ya faɗo tsakiyar zango. ChatGPT ne ya taya ni babi na biyu. Yanzu malam ya zagaye wasu manazarta, ya ce in kawo masa takardun. Na nema har na gaji. Difens (ranar kare furojet) ya kusa, ko barci ba na iyawa.

Malam Mai Alli: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, daina wahalar da kanki, galibi babu su. ChatGPT kalmomi yake jerawa bisa abin da ya saba biyo baya, sai ya ɗauko sunan marubuci na gaske ya liƙa masa taken da bai taɓa rubutawa ba, har da shekara da lambar shafi. Ki bi su ɗaya bayan ɗaya. Ki sa taken tsakanin alamun zance a Google Scholar, shafin neman takardun bincike. In akwai lambar DOI, wato lambar shaidar takardar bincike, ki liƙa ta a shafin doi.org. In ta ce babu, ko ta buɗe wata takarda daban, ki goge manazarcin tare da jimlar da aka jingina masa. Madadinsu ki nemo a AJOL, can mujallun Afirka suke, ki karanta, ki adana a manhajar Zotero ya tsara miki manazartan bisa salon APA.

Ɗan Kafe: Malam, lokaci ya ƙure mata. Ta zuba shi a QuillBot kawai ya juya kalmomin.

Malam Mai Alli: Juya kalma ba ya haifar da takardar da babu ita. Kuma Turnitin, manhajar da malamai ke duba kwafe da ita, maki biyu yake bayarwa: na kamanceceniya da rubutun wasu, da na gano rubutun na'ura da suka ƙaro a Afrilun 2023. Matsalarta ma ba ta kai can ba tukuna.

Hajiya Laburare: Wannan makin na biyun shi ke ci min rai. Su kansu OpenAI, masu ChatGPT, sun rufe tasu manhajar gano rubutun na'ura a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. Binciken jami'ar Stanford na shekarar ya nuna irin waɗannan manhajoji sun fi zargin waɗanda Turanci ba harshen uwarsu ba ne. Amma malamai sai su riƙe maki kamar hujja, alhali wasunsu babi ma ba sa karantawa! Ɗiyata, ki riƙa rubutu a Google Docs, tarihin gyare-gyarenki shi ne shaidarki.

Ɗalibar aji huɗu: Ni fa ba kwafa na yi ba. Tunanin nawa ne, Turancin kawai ya gyara min. Kuma kowa a ajinmu haka yake yi.

Malam Mai Alli: Mai gyaran Turanci ba ya ƙirƙiro marubuta. Gobe ki je ki faɗa wa malaminki gaskiya, ki nemi mako guda.

Ɗan Kafe: Kul! Faɗar nan ita za ta kai ki gaban kwamiti. Ki canja su shiru, ki ce kuskuren mai taifin ne.

Ɗalibar aji huɗu: To in na canja sunayen kawai na bar rubutun yadda yake fa? Shafi 18 ne, ba zan iya sakewa ba.

Ɗan aji uku: Afuwan, shi Zotero ɗin yana hawa waya?