Bikin ƙarshen shekara a makarantun kuɗi: wa ake karramawa, kuma a kan me?

Maman Biyu, Kaduna:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyaye da malaman da ke wannan zaure a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai tun makon jiya. 'Ya'yana biyu suna karatu a wata makaranta mai zaman kanta a nan Kaduna. Babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare, ƙanenta kuma yana aji huɗu na firamare. An aiko mana da takarda cewa za a yi bikin rufe shekara da rabon kyaututtuka a makon ƙarshe na watan Yuli, kuma kowane ɗalibi zai biya kuɗin biki, ko yana cikin waɗanda za a yaye ko ba ya ciki.

Ba kuɗin ne suka fi damuna ba, duk da cewa su ma ba kaɗan ba ne ga mai 'ya'ya biyu. Abin da na gani bara shi ne ya sanyaya mini gwiwa. Mun zauna a ƙarƙashin rumfa tun ƙarfe 10 na safe har bayan azahar, an yi jawabai, 'yan nazare sun yi waƙa sanye da riga da hular yaye irin ta 'yan jami'a, an yi raye-rayen gargajiya, sannan aka kira na ɗaya da na biyu da na uku a kowane aji aka miƙa musu kyauta, aka watse. 'Yata ce ta wakilci makarantar a gasar muhawara har sau biyu a shekarar, kuma ita ta ciyo wa gidansu tseren mita 200 a wasannin tsakanin gidaje, amma da yake ta tara ta zo a jarrabawa, ko sunanta ba a ambata ba. Bana da takardar ta iso, sai ta ce mini ita ba ta ga abin da za ta je yi ba, tun da bikin na mutum uku ne.

Shin haka ake yi a ko'ina, a taƙaita kyauta ga makin jarrabawa kawai? Kuma ta yaya uwa irina za ta gane cewa ƙungiyoyin ɗalibai da gasannin da makaranta ke tinƙaho da su na gaske ne, ba talla ba? Ba na son in je in yi ƙorafi a kan abin da ban fahimta ba.

Tsohon Hedimasta, Zariya:

Wa alaikumus salam. Hajiya, Allah ya raya miki su, ya kuma sa albarka a karatunsu. Na yi shekaru masu yawa a makarantun gwamnati kafin in yi ritaya, daga baya kuma na riƙe wata makarantar kuɗi na ɗan lokaci, saboda haka na ga gidajen biyu. Amsar tambayarki ta farko ita ce a'a, ba haka asalin abin yake ba. Ranar jawabi da rabon kyaututtuka da muka gada rana ce ta bayar da rahoton shekara: shugaban makaranta ya tashi ya karanta abin da aka yi daga farkon shekarar karatu zuwa ƙarshenta, mai daɗi da marar daɗi, sannan a karrama yara a kan abubuwa da dama. Akwai kyautar kowane darasi daban, ta yadda yaron da ya fi kowa lissafi zai samu nasa ko da shi ne na ashirin a jimlar maki. Akwai ta tsafta, da ta zuwa a kan lokaci, da ta aikin hannu, da ta gonar makaranta, da ta gwanin wasanni, da kofin gidan da ya yi zarra. Kyautar da ni na fi ƙauna ita ce ta wanda ya fi kowa samun ci gaba, wato yaron da ya taso daga can ƙasa ya hau tsakiya, domin wahalar da ya sha ta fi ta wanda tun asali yake gaba.

Ki ɗauko katin sakamakon 'yarki ki duba ƙasansa ko bayansa. Za ki ga gurbin da ake auna ɗabi'a da ƙwarewar jiki, kamar ladabi, shugabanci, iya magana, wasanni da zane. Tsarin ilimin ƙasar nan ne ya tanadi a riƙa auna waɗannan tare da karatun aji. Idan makaranta tana cike wannan gurbi a kowane zango amma ranar biki ba ta karrama kowa a kansa ba, to ita da kanta ta nuna cewa cikewar ta jeka-na-yi-ka ce.

Game da tambaya ta biyu, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ki auna makaranta da abin da za ta nuna a Yuli, ki auna ta da abin da ta yi tun Satumba. Ki nemi ganin jadawalin mako, ki ga ko akwai lokacin da aka ware wa ƙungiyoyi. Ki tambayi sunan malamin da ke kula da ƙungiyar muhawara ko ta kimiyya, ki ce a nuna miki rajistar mambobi. Ƙungiyar da ke raye tana da rajista, tana da shugabanni daga cikin yara, kuma ko wane ɗalibi kika tare a bakin ƙofa zai faɗa miki ranar da suke zama.

Sai kuma ki riƙa tambayar wanda ya yi alƙalanci. Nasarar da makaranta ta shirya gasarta, ta kawo alƙalanta, ta ba kanta kofi, ba daidai take da wadda aka samo a waje ba. Ki dubi musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta fara tun 1986: yaro yana farawa daga ƙaramar hukuma, ya wuce matakin jiha, sannan na ƙasa, a gaban alƙalan da ba su san shi ba, ba su kuma san mai makarantarsu ba. Haka gasannin da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ke shiryawa, haka gasar Cowbellpedia da ake nunawa a talabijin. Makarantar da ta tura yara irin waɗannan wurare, ko da an fitar da su a zagayen farko, ta fi mini wadda ta cika kabad da kofunan da babu sunan gasa ko shekara a jikinsu.

Baban Yara Huɗu, Sakkwato:

Baba, Allah ya ƙara girma, bayaninka ya gamsar, sai dai ni ina ganin an wuce matakin gyaran jerin kyaututtuka. Bikin ne gaba ɗayansa ya zama kasuwa. Yaro ɗan shekara biyar wanda bai gama koyon riƙe fensir ba, a ce an yaye shi, a sa iyayensa hayar riga da hula, da ɗinkin anko, da kuɗin mai hoto, sannan uwa ta dafa abincin rabo don kada a raina ta a cikin sauran iyaye. Ni da nake da huɗu a makaranta ɗaya, watan Yuli ya kusa kama watan Satumba wajen tsada.

Ba ni kaɗai nake wannan kuka ba. A watan Agustan 2025 gwamnatin jihar Imo ta hana bikin yaye 'yan nazare da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, ta bar shi ga 'yan aji shida na firamare da masu kammala babbar sakandare kawai. Mu ma nan Sakkwato a shekarar gwamnati ta hana shagalin rubuce-rubuce a jikin riga da ɗaliban sakandare ke yi ranar gama jarrabawa. Shawarata ga Hajiya ita ce, tun da babu ɗanta ko ɗaya a cikin masu fita, ta rubuta wa makarantar cikin ladabi cewa ba za su halarta ba, kuma ba za ta biya ba.

Malamar Turanci, Kano:

Ni malama ce a makarantar kuɗi, kuma ni nake riƙe da ƙungiyar muhawara da ta wasan kwaikwayo, don haka bari in faɗi yadda abin yake daga ciki. Yaya mai yara huɗu yana da gaskiya a kan nauyin kuɗi, amma ban goyi bayan a hana yarinyar zuwa ba, domin ƙaurace wa bikin ba zai sa a ambaci sunanta baɗi ba.

Dalilin da ya sa ake tsayawa a kan na ɗaya zuwa na uku shi ne sauƙi. Maki suna rubuce, babu mai musu da su. Amma da zarar an ce za a ba da kyautar gwanin muhawara ko ta kyakkyawan hali, sai iyaye su taso da tambayar me ya sa ba ɗansu ba, wani lokaci har da zargin son kai, musamman idan wanda ya samu ɗan malami ne ko ɗan wani babba. Hukumar makaranta kuwa tana tsoron ɓata wa mai biyan kuɗi rai, sai ta zaɓi hanyar da babu rigima. Maganin wannan shi ne a rubuta ƙa'idar kowace kyauta tun zangon farko, a manna a allon sanarwa, a kuma riƙa ajiye bayanin wanda ya halarci zama da wanda ya fita gasa, ta yadda ranar biki takarda ce za ta yi magana.

Akwai kuma abin da iyaye ba sa gani. Zango na uku shi ne mafi ƙuncin lokaci a shekara: 'yan aji uku na babbar sakandare suna rubuta WAEC da NECO, 'yan aji uku na ƙarama suna tasu jarrabawar, ga faretin ranar yara ta 27 ga Mayu, ga jarrabawar ƙarin aji, ga ruwan sama da ke rushe atisaye. A cikin wannan matsi ne ake cire yara daga aji na makonni don koyon rawa da waƙar da za a yi ta minti goma. Na sha faɗa a taron malamai cewa da ƙungiyoyin suna aiki tun farkon shekara, da ba sai an yi wannan gaggawar ba, domin abin da yara suka riga suka iya shi za su fito su nuna. Malamin da ke zama bayan tashi yana horar da su kuwa sau da yawa ko kuɗin mota ba a ƙara masa, shi ya sa ƙungiyoyi ke mutuwa kafin a kai zango na biyu.

Tun lokacin da labarin 'yan matan nan na Yobe da suka yi nasara a gasar Turanci da muhawara a Landan a 2025 ya bazu, na lura iyaye sun fara ɗaukar muhawara da daraja, abin ya kuma yi mini daɗi. Hajiya, 'yarki da ta iya tsayawa gaban baƙi ta kare hujjarta tana da abin da ba a rubuta shi a takardar jarrabawa. Ki nemi makarantar ta ba ta takardar shaidar wakilcin da ta yi, mai ɗauke da sunan gasar da kwanan wata da sa hannun shugaban makaranta, ki adana. Hakkinta ne, kuma za ta yi mata amfani ranar neman gurbin karatu ko tallafi.

Mai Makaranta, Bauchi:

Da yake an taɓo mu, ya kamata a ji ta bakinmu. Ban musanta cewa wasu daga cikinmu sun mayar da bikin hanyar samun kuɗi ba, kuma gaskiya ne cewa rana ce ta talla, domin a nan ne maƙwabta da 'yan'uwan iyaye ke ganin makaranta kafin rajistar Satumba. Amma hayar rumfa da kujeru da lasifika, da man janareto, da littattafan da ake rabawa, duk kuɗi ne, kuma kuɗin makaranta da kyar suke biyan albashi da hayar gini. Mu abin da muka koma yi shi ne, masu fita kaɗai ke biyan kuɗin yaye, sauran kuma ƙungiyar iyaye da malamai ce ke yanke abin da za a bayar, ita ke riƙe kuɗin, ita ke karanta yadda aka kashe su a zama na gaba. Tun da muka fara haka ƙorafi ya ragu ƙwarai.

Sai dai, Malama, ki yarda iyaye ma suna da nasu laifin. Shekarar da na soke riga da hula ga 'yan nazare, iyaye mata ne suka cika ofishina suna cewa makarantar da ke bayanmu tana yi. Kuma ranar taron iyaye da malamai, inda ake yanke irin waɗannan shawarwari, kujeru ne ke fin mutane yawa.

Maman Biyu, Kaduna:

Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Jiya na je makarantar na bi shawarar Baba. Ƙungiyar muhawara tana da rajista, kuma malaminsu ya nuna mini sunan 'yata a kusan kowane zama na ranar Laraba. Ta kimiyya kuwa sunanta ne kawai a jikin allon ƙofa, ba wanda ya iya gaya mini ranar da ta zauna ta ƙarshe. Shugabar makarantar ta karɓe ni da mutunci, ta yi alkawarin takardar shaidar da Malama ta ambata, amma ta ce jerin kyaututtukan bana an riga an kai wa mai buga takardu, sai dai a duba na baɗi a taron iyaye na Asabar mai zuwa. Na biya kuɗin, na kuma shawo kan yarinyar za ta je. Yaya na Sakkwato, ka yi haƙuri ban bi taka ba, amma maganar a raba kuɗin masu fita da na sauran yara zan tayar da ita a taron. Malama, don Allah idan kina da samfurin ƙa'idojin kyaututtukan da kika ce a manna tun zangon farko, ki sanya mana shi a nan kafin Juma'a in tafi da shi.