Rufin kwano na yoyo idan ruwa ya zo da iska, na rasa ta inda yake shiga

Assalamu alaikum. Masu sanin aikin rufi, a taimaka min.

Ɗakina rufin kwano ne, gefe ɗaya ya jingina da bangon da ya fi shi tsawo. Idan ruwa ya sauko a tsaye, komai ƙarfinsa, ko ɗigo babu. Amma da ya haɗu da iska mai kaɗawa wajen bangon, cikin minti 20 silin ya jiƙe, kusan mita 1 daga bangon. Har ya kumbura ya yi baƙi a wurin.

Na cire ƙusoshin da suka yi tsatsa na sa masu roba a kai. Na shafe ramukan da kwalta, rana ta busar da ita ta tsattsage. Kafinta ya canza fallen kwanon da ke saitin tabon, kuɗi ya tafi, yoyo na nan. Ni dai tun farko ban yarda ramin yana saitin tabon ba, don da na leƙa cikin silin na ga sawun ruwa ya bi jikin katako ya gangaro daga sama.

Na watsa ruwa da tiyo a tsakiyar rufin, bai shiga ba. Abin da ya rage shi ne mahaɗar kwano da bango. Siminti kawai aka lafta a wurin, kuma ya tsage siriri tun daga farko har ƙarshe.

Tambayata: in fasa simintin in sa lanƙwasasshen kwano da za a cusa bakinsa cikin bango, ko cike tsagar da silikon zai riƙe? Na gode.